Rariyar Gidan Basharu

A shekarar da aka fara haƙa manyan ramukan ruwa a bakin fadamar Kalgo, wata rana da hantsi, Basharu ya shigo ƙuryar gidansa da dutse a hannu ɗaya, curin laka a ɗaya hannun. Ya wuce madafa, ya wuce rumbuna, bai tsaya ba sai a gindin katangar baya inda rariya take. Gidan a gangare yake, saboda haka duk ruwan da aka zubar a cikinsa, na wanka ne ko na wanke-wanke, ta wannan kafa yake bi ya fita lungu. Dab da rariyar akwai wani ƙaramin ɗaki na laka mai jinka, a ƙofarsa kuma Mairama tana zaune tana kaɗi.

Mairama ita ce ta shayar da Basharu bayan mahaifiyarsa ta rasu a kan gwiwa. Tun tana yarinya aka kawo ta daga Gwandu cikin kayan auren uwar tasa, kuma da aka ce bauta ta ƙare, ba ta san wani gida ba sai wannan. Inna yake kiranta. Ita kuwa tana yi masa kunyar da uwa take yi wa ɗan fari, ko sau ɗaya ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ta tsayar da mazari, ta ce, "Maigida, mi za a yi da dutse?"

Ya durƙusa gaban rariyar, ya ce, "Doka ce, Inna. An hana kowa sakin ruwa a lungu sai an ƙare aiki."

Aikin da yake nufi babu wanda bai san da shi ba. Garin ya cika ya batse, mutanen Dangoma da na Wurogauri suna ta tasowa suna yin gida kusa da kasuwa, ruwan marina da na majema da na gidaje kuwa ya mai da lunguna kwatami, har gudawa ta riƙa ɗibar yara kowace damina. Sai hukuma ta sa a ja lambatu ya ratsa unguwanni, ya kai ruwan wasu ramuka da aka jera a bayan gari. A na farko dauɗa za ta kwanta, daga nan ruwan ya bi ta tsakuwa, ya bi ta yashi da gawayi, kafin a sake shi ya gangara fadama. Kowace unguwa ta ba da majiya ƙarfi, kuma Basharu aka ɗora a kan mutanen unguwarsu. Kafin a gama, an ce kowane magidanci ya toshe rariyarsa, ya haƙa ɗan rami a tsakar gidansa wanda zai riƙe ruwan.

Mairama ta duba ƙasar da ke tsakanin ƙafafunta da katanga, ta ce, "To, ruwan ina za shi bi?"

"Ƙasa za ta shanye."

"Wagga ƙasa laka ce, ba ta shan ruwa. Kai ma ka sani, nan ka yi rarrafe."

Ya cusa dutsen, ya bi shi da laka, ya shafe da tafin hannu kamar mai yaɓe. Ya miƙe yana karkaɗe riga, ya ce, "Kwan biyu ne, Inna. Da na samu sarari zan haƙa rami can wajen turke, ko ɗigo ba za shi iso miki ba."

Ta ce, "Allah shi ba da sarari." Ta murza mazarinta.

Da farko ɗan jiƙo ne kawai a gindin katanga, rana tana busar da shi kafin la'asar. Amma gidan Basharu ya zama gidan da ake dafa wa masu aikin haƙa abinci, matarsa Rahmatu kuwa tun asuba take surfe da wanke hatsi. Ƙasari yana gangarowa, ruwan wanke tukwane yana biye da shi, ga na makewayi, ga na wankin tsumman yara. Jiƙo ya zama taɓo, taɓo ya zama ɗan tafki mai kumfa a baki-baki. Ya yi tsami, ya yi kore, 'ya'yan sauro suka fara wutsil-wutsil a cikinsa. Mairama ta tattaro fasassun tukwane da guntayen tubali ta jera daga ƙofar ɗakinta zuwa tudun tsakar gida, a kansu take takawa tana dogara sanda.

Wata safiya ta samu Rahmatu a bakin turmi, ta ce, "Rahmatu, da kin rage zuba ƙasari ta can. A tara shi a tulu, a kai shi bayan gari."

Rahmatu ta jingine taɓarya, ta share gumi da bakin zane. Ta ce, "Inna, wa za shi kai? Ni da ke cikin kulle? Ko in ɗauki tulu in ratsa kasuwa, a ce matar Basharu ta samu taɓuwa?"

"Ruwan ya kai bakin ƙofata."

"Ki hwaɗa wa ɗanki mana."

"Na hwaɗa mishi."

"To, abin da nono bai sa ya yi ba, bakina ne za shi sa shi? Ni dai anka ce in dahwa, ina dahwawa." Ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka, ba da fushi ba, kamar dai maganar wani gida aka kawo mata.

Maganar ramin ba ta sake tasowa ba sai da Mairama ta tayar da ita. Basharu ya ce ya duba, babu wurin da ya dace sai turken jakunansa, jakunan nan kuwa su ne suke ɗaukar tsakuwa zuwa wurin aiki, idan ya tayar da turke ina za su kwana? Abin da ya yi a maimakon haka shi ne ya sa aka kawo zana, ya kafa ta daga jikin rumbu zuwa katanga, ta raba ɗakin Mairama da sauran gida. Ya ce ya yi ne don kada yara su riƙa damunta da hayaniya. Ta yi godiya, domin ba ta saba karɓar abu daga hannunsa ba tare da godiya ba. Sai da ta zauna ta lura cewa zanar ta tare iskar da take ɗan kwashe warin, kuma yanzu wanda yake tsakar gida ba ya ganin ruwan, ba ya ganinta.

Ƙafafunta ne suka fara. Cin ruwa ya kama tsakanin yatsunta, fatar ta yi fari ta tsattsage, tana ƙaiƙayi kamar an zuba barkono. Ta shafa man shanu, ta shafa lalle, ta ɗaura ganyen da ta sani, amma duk sa'ad da ta zame daga kan tubali ƙafar ta nutse a taɓon, sai gyambon ya daɗa buɗewa. Duk wannan bai tsaya mata a rai ba kamar salla. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa kai goshinta ƙasa a wurin da take shakkar tsarkinsa ba. Yanzu kuwa danshi ya rarrafo ta ƙarƙashin dokin ƙofa, daɓen ɗakin ya yi baƙi, ya yi santsi, buzunta ya fara wari. Ta kan yi alwala da ruwan randa mai kyau, sannan ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama tana neman inda za ta sauke ta. Sau da yawa alwalar takan lalace a idonta kafin ta kai ga buzu, ta koma ta sake, har randar ta ƙare.

Ta jira Basharu ya dawo daga aiki da la'asar, ta sa aka kira mata shi. Ya tsaya a bakin zana, bai ƙetaro ba, ya kare hancinsa da hannun riga kamar yana sosa fuska.

Ta ce, "Ɗakin nan na kusa da zaure, na ga babu mai kwana cikinai. Da ka bar ni in raɓa, in aiki ya ƙare in komo."

"Inna, kayan hukuma ne ciki. Kwanduna da magirbai da igiyoyi, duka amana anka ba ni. In abu ɗaya ya ɓace, mi zan ce?"

"Ba ni taɓa komi. Wurin buzu kawai nike so."

"Na sani, ai ba sata nike nuhi ba. Amma maza ke shiga suna hita ɗaukar kaya tun asuba. Ke da girmanki, a riƙa tsallake ki? Mutane su ce Basharu ya mai da uwatai mai gadin kwanduna?" Ya yi 'yar dariya, yana jiran ta taya shi. Da ba ta taya ba, sai ya ce, "Lambatu ya wuce marina. Saura kaɗan shi iso lungunmu. Ki ƙara haƙuri."

Ana cikin haka ƙanensa Namadi, da suke uba ɗaya, wanda yake karatu a Gwandu, ya zo ganin gida. Mairama ta yi murna, domin ta ce a ranta malami ba zai ga wannan ya yi shiru ba. Ya zo gaishe ta da farar riga, ya tattare ta har gwiwa, ya bi tubalan nan a hankali kamar mai ƙetare rafi. Bai shiga ɗakin ba, a bakin ƙofa ya tsuguna. Ta nuna masa daɓen, ta nuna masa buzun, ta tambaye shi yadda sallarta take.

Namadi ya ja carbi, sannan ya ce addini ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ya ce ta hau gado ta yi sallarta a zaune, ta yi nuni da kai, Allah ya san lalurarta. Ya ƙara da cewa wanda aka jarrabe shi ya yi haƙuri, ladansa ba ya misaltuwa.

Ta ce, "Malam, na ji, na kuma gode. Amma ni lahiyata lau sa'ad da anka kawo dutsen nan. Ka yi wa yayanka magana shi ba ruwa hanya."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, yaya ne. Gidansa ne kuma. Ni baƙo nike, gobe zan koma. In na sa baki sai a ce karatu ya sa na raina na gaba." Ya yi mata addu'a mai tsawo, ya shafa, ya sake tattare riga. Ta ji shi a tsakar gida yana neman ruwa ya wanke ƙafafunsa, ruwan kuma ya gangaro ya same ta.

Daga ranar ta koma salla a kan gadon kara. Takan zauna ta fuskanci gabas, ta sunkuya iyakar iyawarta, amma goshinta bai ƙara taɓa ƙasa ba, kuma kowace sallama da ta yi sai ta ji kamar an bi ta da tambaya.

Akwai mutum ɗaya da zai iya sa Basharu dole, shi ne Ɗahiru duba-gari, wanda yake zagaya unguwanni yana duba lunguna da rariyoyi. Sai dai Ɗahiru namiji ne, kuma namiji baƙo ba ya wuce zauren gidan da ake kulle. Iyakarsa ya dubi katanga ta waje, ya ga ko tana zubar da ruwa, ya tambayi maigida ko an haƙa rami a ciki, ya karɓi abin da aka faɗa masa. Katangar Basharu kuwa babu wadda ta kai ta bushewa a unguwar.

Ranar da Mairama ta ji muryarsa a zaure, ta yanke shawara. Ita tsohuwa ce, babu kullen da ya hau kanta. Ta ɗaure ƙafafunta da tsumma, ta ja mayafi, ta ɗauki sanda. Ta bi tubalan nan tana cije leɓe, ta ratsa tsakar gida, Rahmatu ta bi ta da ido da ludayi a hannu. Tana tafe tana shirya maganar a ranta, gajeriya ce: ka zo ka ga bayan zana. Da ta kai ƙofar zaure ta ciki sai ta tsaya ta huta, ta ji abin da ake faɗi.

Zauren cike yake da dattawan unguwa. Ɗahiru yana cewa, "Ku yi koyi da Basharu. Na zagaya garin nan kaf, gidan wanga kaɗai ne ban taɓa ganin ɗigon ruwa a lungunai ba. Wasu da rana su toshe, in ido ya ɗauke su buɗe. Na riga na kai sunanai gaba."

Ta yi sallama ta shiga. Maza suka muskuta, masu gaisuwa suka gaishe ta. Basharu yana zaune a kan tabarma, da ya gan ta sai fuskarsa ta canza, ya dube ta irin kallon da yake yi mata yana yaro sa'ad da ya yi ɓarna baƙi suna nan. Ba fushi a ciki, roƙo ne tsantsa.

Ɗahiru ya russuna, ya ce, "Inna, an wuni lahiya? Ke ce kinka yi renon wanga bawan Allah? To, kin iya reno. Ya cikin gida, babu wata damuwa?"

Maganar tana kan harshenta. Ta dubi dattawan nan da suka san mahaifin Basharu, ta dubi rawanin da ya naɗa, ta tuna cewa idan ta buɗe baki, kafin magariba labarin zai kai kasuwa, kuma har ya mutu za a riƙa nuna shi da baki. Uwar da ba ta kama sunan ɗanta a ɗaka, ta yaya za ta tsaya a zaure ta kwance masa zane?

Ta ce, "Lahiya lau. Gida lahiya."

Ɗahiru ya dubi tsumman ƙafarta, ya ce, "Ƙahwa fa?"

"Tsuhwa ce."

Aka yi dariya, wani dattijo ya ce ai duk suna kan hanya. Ta juya ta koma. Da yamma Basharu ya aiko mata da tsire mai zafi a ganye. Ta karɓa, ta yi godiya, ta ajiye a kan randa, ƙudaje suka cinye rabonsu kafin yara su zo su ɗauke.

Lambatu ya iso lungunsu kafin ruwan farko ya sauka. Daga kan gadonta tana jin saran magirbai a bayan katanga, da waƙar masu haƙa, da muryar Basharu yana ba da umarni. Tsakaninta da hanyar ruwa yanzu kaurin katanga ne kawai. Ta kwana biyu tana sauraron ƙarar da za ta nuna an cire dutsen. Da ta ji masu aikin sun yi gaba, ta aika a kira shi.

Ya ce, "Ba a ba da izini ba tukuna, Inna. Sai manya sun zo daga Birnin Kebbi sun gani, an buɗe ramukan, sannan kowa shi saki ruwanai."

"Na ji maƙwabta sun saki nasu. Ina jin gudunai ta bayan katanga."

"Su ba su da abin da za su rasa. Ni anka ɗora bisa aikin. In manya sunka zo sunka iske lambatun ƙohwar gidana da dauɗa, da wane ido zan dube su? Ni zan hwara ɓata abin da na gina?"

Ta ce, "Ni fa, da wane ido..." Sai ta haɗiye sauran. Ya tsaya kaɗan, ya ce zai sa a kawo mata yashi a zuba a ɗakin, ya tafi. Yashin bai zo ba, domin duk wanda jakuna suka ɗauko ramin tacewa ake kai shi.

Damina ta sauka da ƙarfi. Gefen ɗaya daga cikin ramukan ya rufta, aka ɗage zuwan manya sai an gyara, Basharu ya koma fita tun duku-duku. A bayan zana kuwa ruwan sama ya haɗu da na gida, ya shanye tubalan, ya shiga ɗakin ya kwanta a ƙarƙashin gado. Gindin bangon ya jiƙe har ya fara zubowa curi-curi. Mairama ta daina saukowa. Rahmatu takan tsaya a bakin zana ta miƙo ƙwaryar abinci a kan doguwar sanda, ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, ƙahwata ba ta son sanyi." Ƙafar dama ta kumbura har gwiwa, ta yi sheƙi, wani jan layi ya hau cinya. Zazzaɓi ya zo, yana sakinta da safe ya kama ta da azahar, daga baya ya daina saki. Ta rasa lissafin lokutan salla, sai ta riƙa yinsu duk sa'ad da hankalinta ya dawo, tana shafa bangon sama inda ya rage bushewa don taimama.

Lami ungozoma, maƙwabciyarsu, ita ce ta ƙetare zanar. Ta zo duba Rahmatu ne wata safiya, ta tambayi tsohuwa da ta daɗe ba ta gani ba, aka ce tana hutawa. Lami ba mai karɓar irin wannan amsa ba ce. Ta ture zanar, ta tsaya, ta yi salati da ƙarfi. Ta ɗage zane ta kutsa cikin ruwan, ta shiga ɗakin, ta taɓa goshin Mairama, ta buɗe tsumman ƙafar, ta mayar ta rufe.

Mairama tana jin muryoyi kamar daga cikin rijiya. Ta ji Lami a tsakar gida tana cewa, "Basharu, ko akuya ba a ɗaure ta wurin nan! Kai da anka ba garin duka ka share, uwarka ka aje cikin kwatami?"

Ta ji shi yana cewa, "Lami, sassauta murya. Doka ce, kin sani. Gobe-jibi ake buɗewa."

"Ba ta kai jibi. Ba ta kai la'asar ma, in ba wani ikon Allah ba. Ka aika Gwandu a hwaɗa wa Namadi. Ka kuma shirya, don mata za su cika gidan nan, kuma mata ba su tsayawa zaure. Har ƙuryar ɗaki suke shiga."

Mairama ta ji Rahmatu ta ce a hankali, "Wallahi in matan unguwa sunka ga wurin nan, mun shiga uku."

Sai ta ji takun ƙafa cikin ruwa, mai nauyi, wanda ta sani tun yana tatata. Bai shigo ɗakin ba. Ya wuce ta gefen ƙofar zuwa gindin katanga. Ta ji ƙarar dagi a jikin laka, ta ji ya sake, ta ji dutse ya gangara. Daga nan sai wani gurnani, kamar maƙogwaron da aka daɗe da shaƙewa ya samu numfashi, ruwan ya kama hanya. Ba a ɗauki lokacin da tukunya take tafasa ba. Tana kwance tana jin yadda yake janyewa daga ƙarƙashin gadonta, yana jan karare da tsummoki, yana faɗawa cikin lambatu. Babu dogarin da ya zo, babu wanda ya yi kira daga lungu, sama ba ta faɗo ba.

Lami ta dawo ta zauna a bakin gadon, ta ɗora kan tsohuwar a cinyarta, tana ɗiga mata ruwa a baki.

Mairama ta buɗe ido, ta ce, "Lami, ƙasa ta bushe?"

Lami ta dubi daɓen, baƙar laka ce mai santsi, tsutsotsi suna motsi a cikinta. Ta ce, "Saura kaɗan, Inna."

"In ta bushe ki sauke ni. Ina so in kai goshi."

"To, Inna."

A waje Basharu yana ta kiran a juyo da jakuna, a sauke yashin nan a cikin gida, a tuge zana, a ƙona turare. Ta ji muryarsa, ta so ta ce a gaya masa ya bi a hankali kada ya zame, amma harshenta ya yi nauyi. Lami ta fara laƙƙana mata kalmar shahada. Kafin a kira azahar ta cika, a kan gadon kara, ƙasar ba ta bushe ba.

Da matan unguwa suka shigo, farin yashi suka taka tun daga tsakar gida har ƙofar ɗakin. An fitar da kwanduna da magirbai daga ɗakin kusa da zaure, an share shi, a nan aka yi mata wanka, a busasshen wuri. Mata suka zauna suna jan carbi, suna cewa tsohuwa ta yi sa'ar ɗa, wasu da suka haifa da cikinsu ma ba su samu irin wannan riƙo ba. Rahmatu tana kuka da gaske. Lami ta zauna a gefe ba ta ce uffan ba, domin gidan makoki ba wurin tone-tone ba ne, kuma wadda aka yi wa abin ita ma ta rufe shi da bakinta. Namadi ya iso daga Gwandu ya yi wa'azi a kan haƙƙin uwar shayarwa, har Basharu ya rufe fuska da rawani.

Bayan damina manya suka zo aka buɗe ramukan. Aka ɗebo ruwan da ya fito ta ƙarshensu a ƙwarya, aka ɗaga shi sama kowa ya ga yadda ya washe, aka kira Basharu gaban jama'a aka sa masa albarka. Aikin ya yi amfani, gudawa ta ragu, lunguna suka bushe, kuma babu mai musun haka. Amma a cikin gidan nan babu wanda ya rasa ido, babu wanda ya rasa hanci. Kowannensu ya san inda ruwan yake kwana, kowannensu ya samu dalilin da zai sa ba shi ne zai fara magana ba, kuma dalilan nan duka masu kyan ji ne: doka, amana, kulle, girman na gaba. Sun dogara ne ga abu ɗaya, cewa tsohuwar ba za ta taɓa tona su ba, ba ta kuwa tona ba. Ciwonta bai isa ya ɗaga dutsen ba, sallarta ma ba ta isa ba. Abin da ya ɗaga shi tsoron idon baƙi ne, kuma da tsoron ya zo, dagi ɗaya ya wadatar.